Babi Na Bakwai: Ƙara Wa Katin Zanen Laftof Gudu Ba Tare Da An Illata Shi Ba

Shin za a iya sa laftof ta ƙara gudu a gem ba tare da an sayi sabuwa ba, kuma ba tare da ta ƙone ba? Duk wanda ya taɓa zama yana buga GTA V ko Call of Duty, hoto ya riƙa sarƙewa daidai lokacin da wasa ya ɗauki zafi, ya san wannan tambayar. Amsarta ita ce ana iyawa, kuma idan aka bi hanyar da ta dace, da wuya na'urar ta samu illa. Sai dai ribar ba ta da yawa. A mafi yawan laftof, abin da ake samu bai wuce kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari ba. Gem ɗin da ke ba da hoto 60 a daƙiƙa ɗaya zai koma 63 ko 66. Wanda ke ba da 20 kuwa, babu dabarar da za ta kai shi 60. Sanin wannan tun farko yana hana mutum matsa wa na'urarsa lamba don neman abin da ba ta da shi.

Mene ne gudun kati?

Fim an riga an ɗauke shi an adana, kunnawa kawai ake yi. Gem ba haka yake ba. Kowane hoto da ya bayyana a allo sai an zana shi nan take, da inuwarsa da haskensa da ciyawar filin ƙwallonsa, har sau sittin ko fiye a kowace daƙiƙa. Mai wannan zanen shi ne katin zane, wanda masu harkar kwamfuta ke kira GPU. Sassa biyu ne suka fi muhimmanci a jikinsa: ƙwaya, wadda ke yin lissafin, da ma'ajiya, inda ake tara kayan zanen kafin a buƙace su.

Ƙwayar tana ɗauke da dubban ƙananan ma'aikata da ke motsi tare a kan bugu ɗaya, kamar mata masu lugude a turmi guda. Kowace taɓarya tana da lokacin saukarta. Idan aka ɗan hanzarta luguden, daka zai ƙare da wuri. Idan aka hanzarta fiye da ƙarfin damtsen masu yi, taɓare za su yi karo, hatsi ya zube. Ana auna wannan bugun da megahaz, wato bugu miliyan ɗaya a daƙiƙa, ana rubuta shi MHz. Katin da ke kan MHz 1,500 yana bugu biliyan ɗaya da rabi a kowace daƙiƙa. Ƙarin gudu shi ne a umarci katin ya hanzarta luguden fiye da yadda kamfani ya saita shi.

Abin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ƙwayoyin ba sa fitowa daidai wa daida daga masana'anta. A cikin dubu da aka ƙera rana ɗaya, wata tana jure gudu sosai, wata kuma da ƙyar take kai mizani. Kamfani yana saita dukkansu a kan gudun da mafi rauni za ta iya ɗauka, har ya bar ɗan sarari. Wannan sararin ne mai ƙara gudu ke nema. Shi ya sa lambobin da suka yi wa laftof ɗin wani aiki ba lallai su yi wa ta abokinsa ba, ko da samfurinsu ɗaya, kuma shago ɗaya aka sayo su.

Katin da ke tuƙa kansa

Tun daga 2012, lokacin da kamfanin NVIDIA ya fito da tsarin GPU Boost a katin GTX 680, katunan zane ba sa tsayawa a kan gudu ɗaya. Katin yana duba abu uku a kowane lokaci: zafinsa, wutar da yake ci, wadda ake aunawa da wat, da ƙarfin lantarkin da ke shiga ƙwayarsa, wanda ake aunawa da bolt. Muddin da sauran fili a duka ukun, sai ya ƙara wa kansa gudu. Da zarar ɗaya ya cika, sai ya ja baya kaɗan-kaɗan, kimanin MHz 15 a kowane taku a katunan RTX.

A babbar kwamfuta ta kan tebur akwai fankoki manya da wuta isasshiya, don haka ana iya ɗaga iyakokin. A laftof kuwa a nan gizo ke saƙar. Galibi an kulle bolt, an kulle iyakar wuta, babu damar ɗaga su daga cikin Windows. A farkon 2015 ma NVIDIA ya taɓa fitar da manhajar direba wadda ta toshe ƙarin gudu baki ɗaya a katunan laftof na jerin GTX 900M, sai da masu saye suka yi ta ƙorafi sannan ya buɗe. Abin da aka bar wa mai na'ura a yau shi ne gudun ƙwaya da gudun ma'ajiya. Wannan kullewar, duk da tana takura wa masu son ƙurewa, ita ce babbar garkuwar laftof. Yawan bolt ne ke kashe ƙwaya, kuma an ɗauke wannan wuƙar daga hannun mai amfani.

Wat ne ke da magana

Sunan kati kaɗai ba ya faɗin ƙarfinsa. RTX 3060 na laftof ana iya saita shi a kan wat 60, ana iya saita shi a kan wat 115, gwargwadon abin da sanyaya na'urar zai iya ɗauka. RTX 4060 na laftof tazararsa ta fi haka, daga wat 35 har zuwa 115. Na'urori biyu masu tambari iri ɗaya a jiki za su iya bambanta sosai a gem, kuma siririyar mai kyan gani ita ce galibi ke da ƙaramin kaso. Idan aka kwatanta, RTX 3060 na babbar kwamfuta wat 170 yake ci.

Wannan yana sauya ma'anar ƙarin gudu a laftof. Tunda kason wutar a ƙayyade yake, wanda ya ƙara MHz 100 bai buɗe wa katin sabon famfon wuta ba. Ya dai ce masa: da wannan wutar da kake ci, ka yi bugu fiye da na da. Katin da yake cinye kasonsa gaba ɗaya tun kafin a taɓa shi zai ci gaba da cin wat ɗinsa kamar yadda ya saba, zafinsa ma ba zai tashi sosai ba. Abin da ke shiga haɗari shi ne daidaiton lissafinsa, domin ana neman ya yi sauri da ƙarfin da bai ƙaru ba.

Ba kowace laftof wannan babin ya shafa ba. Wadda zanenta ke haɗe a cikin firosesa, irin Intel UHD ko Iris Xe, ba ta da ƙwaya da ma'ajiya na daban da za a ƙara wa gudu ta wannan hanyar. Abin da ya fi taimakonta shi ne a sa mata RAM guda biyu maimakon ɗaya. Katunan Radeon na AMD a laftof su ma galibi a kulle suke.

Zafin ɗaki

Fankar laftof ba firji ba ce. Iskar ɗaki take zuƙa ta hura a kan ƙarfe mai zafi, don haka sanyin da za ta iya bayarwa ya dogara da sanyin iskar da ta samu. Yawancin katunan NVIDIA na laftof suna fara rage gudu da gaske idan suka kai digiri 87 a ma'aunin Salsiyos. A ƙaddara wata na'ura ta tsaya a digiri 75 a ɗakin da ke da digiri 22, irin ɗakunan da masu gwajin kwamfuta a Turai da Amurka ke aiki a ciki. Ke nan ta ɗara ɗakin da digiri 53. A kawo ta ɗakin da ke da digiri 38, kamar yadda ake samu da rana a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai a watan Afrilu, lissafi zai kai ta 91. Ba za ta kai can ba, domin tana isa 87 za ta rage wa kanta gudu. Mai ita zai ga gem ya fara lafiya lau, bayan minti goma sha biyar ya fara jan ƙafa.

Na'urar da ke cikin wannan halin, ƙara mata gudu aikin banza ne. Ga kuma ƙurar hunturu, wadda ke haɗuwa da zaren tufafi ta dunƙule a bayan fanka ta zama kamar soso, ta toshe ƙananan haƙoran ƙarfen da iska ke bi. Wanda ya buɗe laftof ɗin da ta shekara biyu ba a share ba zai iya zaro wannan dunƙulen da yatsa biyu, a bayansa kuma ga haƙoran nan fes kamar iska ba ta taɓa bi ta cikinsu ba. Cire shi kaɗai yakan sauke zafi fiye da duk wani saiti. A yawancin laftof na gem, firosesa da katin zane suna tarayya a bututun tagullan da ke kwashe zafi, saboda haka idan ɗaya ya yi zafi sai ya shafa wa ɗayan.

Kafin a taɓa komai

A fara da abubuwan da ba sa cin kuɗi. A ɗora na'urar a kan tebur ko faranti mai tauri, a ɗaga bayanta da ɗan abu don iska ta shiga ta ƙasa. Katifa da darduma da cinya duk suna toshe mashigar iska. A jona caja, domin a kan batir katin ba ya samun cikakken kasonsa. Kuma cajar ta zama ta asali mai cikakken ƙarfi. Laftof na gem suna zuwa da caja mai wat 180 ko 230, wasu har 330. Wadda aka sayo ta hannu sau da yawa da wata cajar daban ake haɗa ta, kuma idan ƙarama ce, na'urar za ta rage gudu ko ta riƙa cike giɓin daga batir, a ga caji yana sauka alhali tana jone. Inda ake amfani da janareta mai wasa da wuta, stabilaiza tana kare cajar.

Sai a buɗe manhajar kamfanin da ya ƙera na'urar, Armoury Crate a ASUS, Lenovo Vantage a Legion, NitroSense ko PredatorSense a Acer, a zaɓi yanayin cikakken ƙarfi. Wasu daga cikinsu suna da nasu ɗan ƙarin gudun da kamfani ya amince da shi, kuma shi ya fi dacewa da wanda garantinsa bai ƙare ba, tunda sharuɗɗan garanti kan wannan aikin sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani. Idan na'urar tana da makunnin MUX, wanda ke haɗa allo kai tsaye da katin zane ba tare da hoton ya ratsa ta firosesa ba, a kunna shi. A wasu gem ribarsa ta fi ta ƙarin gudu.

Kayan aiki

Manhajar da aka fi amfani da ita ita ce MSI Afterburner. Kyauta ce, kuma tana aiki a laftof ɗin kowane kamfani. Tana zuwa tare da RivaTuner Statistics Server, wadda ke rubuta zafi da gudu da adadin hotuna a kusurwar allo yayin da ake wasa. A sauke ta daga shafin MSI na asali kawai. A 2021 kamfanin da kansa ya gargaɗi jama'a game da shafin bogi da ke kwaikwayon nasa, kuma irin waɗannan shafukan suna raba kwafin da aka cusa wa manhajar satar bayanai.

Ta biyu ita ce GPU-Z ta TechPowerUp. Akwai layi ɗaya a cikinta mai suna PerfCap Reason da ke faɗin abin da ya riƙe katin a wannan lokacin. Idan ya nuna Pwr, wuta ce ta cika, kuma wannan ita ce na'urar da za ta amfana. Idan ya nuna Thrm, zafi ne, sai a koma shara da gyaran iska. Ta uku manhajar gwaji ce da ke maimaita aiki iri ɗaya ta ba da maki, kamar Time Spy na 3DMark ko Superposition na Unigine. FurMark tana gasa kati fiye da yadda kowane gem zai yi, ba ta da wani amfani sosai a wannan aikin.

Kafin a sauya komai, a yi gwajin sau uku, a rubuta maki da mafi girman zafi a takarda. Wanda bai san inda ya taso ba, ba zai san ko ya ci gaba ba.

Ƙwaya tukuna, taku-taku

A fuskar Afterburner akwai layin Core Clock, shi ne na ƙwaya. A rubuta +30, a danna alamar tabbatarwa, a yi gwaji. Idan ya ƙare lafiya kuma maki ya ɗan hau, a mai da shi +60, a sake. Haka za a yi ta tafiya. Ma'ajiya kuma a bar ta yadda take, domin idan aka taɓa biyu lokaci guda aka samu matsala, ba za a san mai laifi ba.

Wani lokaci zai zo da katin zai ce ya isa. Alamunsa a bayyane suke. Wasu ɗigo-ɗigo farare ko masu launi za su riƙa ƙyaftawa a allo, ko wani dogon tsini ya fito daga jikin ɗan wasa ya ratsa fili, ko allon ya yi baƙi na ɗan lokaci gem ya rufe kansa. Wannan na ƙarshen aikin Windows ne: idan katin zane ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, sai ta sake tayar da direbansa. Ganin haka yana firgita wanda bai saba ba, amma babu abin da ya ƙone. Lissafi ne ya kuskure. A koma baya taku biyu, ba ɗaya ba. Idan a +180 ya faɗi, a tsaya a +120. Katuna da yawa suna samun natsuwa ne tsakanin +100 da +200, wasu kuma ba sa kaiwa, kuma wannan ba aibi ba ne a na'urar.

Wucewa gwajin minti uku ba shaida ba ce. Sai an buga gem na gaske na awa biyu ko uku, kuma gem daban-daban, domin saitin da ya zauna daram a wani zai iya faɗuwa a wani. Wani abin lura shi ne sauƙaƙan wurare, kamar shafin zaɓen ƙungiya, su ne wani lokaci ke kayar da kati, saboda a nan aiki ba nauyi, sai ya haye can ƙololuwar gudunsa inda ba a gwada ba. A adana duk wani aiki mai muhimmanci kafin a fara, domin na'ura tana iya sandarewa sai an kashe ta da maɓalli.

Ma'ajiya mai ɓoye gazawarta

Bayan ƙwaya ta zauna, sai a koma layin Memory Clock. A nan taku ya fi faɗi, +100 a kowane karo. Ma'ajiyar GDDR6 tana da wata ɗabi'a da ke yaudarar mutane. Idan bayanai suka lalace a hanya tsakaninta da ƙwaya, ana gane kuskuren a sake aikowa. Allo ba zai nuna komai ba, gem ba zai rufe ba, amma lokacin da ake ɓatawa wajen maimaita aike yana cinye ribar. Mutum zai ga ya ƙara +1,200 lafiya ƙalau, alhali makinsa ya fi kyau a +800. Saboda haka maki ne alƙali a nan. Da zarar ya daina hawa ko ya fara sauka, an wuce wuri, a dawo baya taku biyu.

Akwai kuma wani dalili na taka-tsantsan. Ma'ajiya daga kaso ɗaya take cin wuta da ƙwaya, don haka a laftof mai ƙaramin wat, abin da aka ƙara mata daga bakin ƙwaya aka cire. Kuma sanyayarta ba ta kai ta ƙwaya kyau ba a na'urori da yawa. Manhajar HWiNFO tana nuna zafinta a katunan da ke da ma'aunin hakan.

Idan komai ya tabbata bayan kwana biyu ko uku ana wasa, a ajiye saitin a ɗaya daga cikin gurabe biyar da Afterburner ta tanada. Kafin nan kada a kunna maɓallin da ke sa saitin ya hau da kansa duk lokacin da Windows ta tashi. Saiti mara kyau da ke hawa da kansa zai riƙa sandarar da na'ura tun kafin a samu damar cire shi, sai an shiga Safe Mode, inda manhajar ba ta tashi, sannan a warware.

Rage wuta don a samu gudu

A ƙasa mai zafi, wannan ce hanyar da ta fi cancanta a ba ta lokaci. Wutar da ƙwaya ke ci tana tashi daidai da gudu, amma da bolt ninki take tashi, wato bolt sau bolt. Idan aka sauke shi daga 1.0 zuwa 0.9, lissafin zai ba da 0.81, ke nan kusan kashi 19 cikin ɗari na wutar aiki ya ragu, zafi ma ya bi shi.

Danna Ctrl da F a Afterburner yana buɗe wani zane mai ɗigogi, bolt a kwance, gudu a tsaye. Ana zaɓar ɗigo ɗaya, misali na milibolt 850, a ɗaga shi zuwa gudun da ake so, sannan a shimfiɗe duk ɗigogin da ke damansa su zama layi ɗaya. Katin ba zai ƙara neman bolt sama da wannan ba, tunda babu ƙarin gudun da zai samu a can. Maki ba lallai ya fi na ƙarin gudu zalla ba a gwajin minti uku. A awa ta biyu ta wasa ne bambancin ke fitowa: zafi yana ƙasa da iyaka, fanka ta rage kuka, hoto yana tafiya sumul babu tangarɗa. Hoto 62 da ya tsaya cak ya fi daɗin wasa a kan 68 da ke faɗowa 45 duk bayan minti biyu.

Inda ake tsayawa

Akwai masu wuce nan su sauya manhajar da ke cikin katin kansa, wadda ake kira vBIOS, su ɗora ta wata laftof mai babban wat. Akwai ma masu narka dalma a babban allon cikin na'ura don su ruɗi ma'aunin wuta. Waɗannan suna cire garkuwar da aka ambata a baya. Sassan da ke raba wuta a na'urar wat 80 ba a ƙera su don ɗaukar 130 ba. Kuma a kusan dukkan laftof na yanzu, katin zane a like yake da babban allo, idan ya mutu sai an sauya allon gaba ɗaya, abin da kuɗinsa kan yi kusa da na wata na'urar ta hannu. Ribar ba ta kai wannan kasadar ba.

Wanda ya gama duk matakan nan kuma gem bai gamsar da shi ba, saitin cikin gem ɗin ya kamata ya duba. Sauke inuwa daga mafi girma zuwa matsakaici, ko kunna DLSS a katunan RTX, ko FSR wanda AMD ya fitar a 2021 kuma yake aiki a katuna iri-iri, sau da yawa yana ba da abin da ya ninka ribar ƙarin gudu.

Na'urar da GPU-Z ke ci gaba da nuna mata Thrm bayan an share ƙura an gyara iska, matsalarta tana ƙarƙashin bututun tagulla: man da ake shafawa tsakanin ƙwaya da ƙarfen sanyaya ya bushe. Babi na gaba zai bi yadda ake kwance laftof, a cire batir daga babban allo, a goge tsohon man a shafa sabo.